Yadda Ake Shuka Goji a Lambun Gida Har Ta Ba Da 'Ya'ya

Wanda ya taɓa sayen busasshen goji a kantin kayan shayi ya san kamanninsa: ja ne jawur, dogo-dogo kamar zabibi, yana da zaƙi da ɗan ɗaci-ɗaci da ke biyo baya a ƙarshen harshe. Tsadarsa kan sa mutum ya zaci itaciyar da ke haifar da shi 'yar gata ce wadda sai an yi ta lallaɓawa, alhali kuwa itaciya ce ta bakin hamada, kuma sau da yawa idan ta mutu a lambun gida, yawan ruwa da yawan taki ne suka kashe ta. Abin da take nema wurin mai ita shi ne rana, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, da almakashi mai kaifi.

Iri biyu ake kira goji, wato Lycium barbarum da Lycium chinense, kuma dukansu dangin tumatir ne da gauta da attaruhu, abin da duk wanda ya dubi furensu mai ruwan shunayya da kunnuwa biyar zai gane nan take. Na farkon shi ne wanda aka fi nomawa domin 'ya'ya, saboda nasa sun fi girma da zaƙi. Cibiyar nomansa ita ce gundumar Zhongning da ke jihar Ningxia ta ƙasar Sin, jihar da Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da yawa a cikinta, sannan ana noma shi sosai a Qinghai da Gansu da Xinjiang. Sanin yanayin Zhongning shi ne rabin sanin yadda ake renon goji. Ruwan saman da ke sauka a can bai wuce kimanin milimita 200 a shekara ba, sai dai ban ruwa daga Rawayen Kogi. Ƙasar tana da kanwa-kanwa. Da rani rana takan ƙwalle, da dare a sami sanyi. Da hunturu kuwa komai daskarewa yake yi, itaciyar ta zubar da ganye ƙarƙaf ta yi barcinta na watanni. Iri na biyu ya fi yaɗuwa a kudancin Sin mai ɗumi da laima, inda aka fi cin ganyensa a miya fiye da 'ya'yansa.

Saboda haka mutumin da ke zaune a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka ba shi da wata damuwa ta yanayi, domin goji tana jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma tun wajajen 1730 aka kai ta Ingila, inda har yau take fitowa da kanta a shingayen bakin teku. Wanda ke Kano ko Maraɗi kuwa ya san cewa gwaji zai yi, kuma abokan gabarsa biyu ne: zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan sa fure ya kakkaɓe kafin ya ƙulla, da ruwan Agusta, ganin cewa Kano tana samun kusan ninki huɗu na ruwan da Zhongning ke samu, mafi yawansa cikin 'yan makonni. Jos tana da sanyin da ake so, amma ruwanta ya yi yawa kuma ƙasarta tana da tsami, don haka sai an gyara. A ganina, wurin da ya fi kama da gidan goji a yankinmu shi ne lambunan duwatsun Ayar da ke arewa da Agadas, irin na Timia, inda ruwan sama kaɗan ne, darare suna da sanyi, kuma rumman da inabi suke yin kyau da ban ruwa.

Abu na farko shi ne samun abin shukawa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba a gane shi sai bayan shekara uku. Ana iya samun tsiro daga ƙwayar iri: a jiƙa busassun 'ya'yan goji a ruwa su kwana, a murje su da yatsa, ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa za su fito, a wanke su, a barbaɗa a kan ƙasa mai laushi da aka gauraya da yashi, a rufe da ƙasar da kaurinta bai kai rabin santimita ba. Idan ba a busar da 'ya'yan da wuta mai zafi ba, cikin mako biyu za a ga tsiro. Matsalar ita ce tsiron iri ba ya biyo uwarsa sak. Wani zai fito da ƙaya mai yawa, wani da 'ya'ya ƙanana masu ɗaci, kuma sai an jira shekara biyu zuwa uku kafin a san wanne aka samu. Wanda ya sami hanyar sayen dashe mai suna, ko yankan reshe daga itaciyar da ya ɗanɗana 'ya'yanta ya ji sun yi masa, to ya bi wannan hanya. Irin da manoman Sin suka fi sani shi ne Ningqi mai lamba 1, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan Crimson Star, sai kuma irin su Phoenix Tears da Sweet Lifeberry. Ɗaukar ɗanyen dashe daga wata ƙasa zuwa wata yana da dokoki, musamman da yake dangin tumatir suna ɗaukar cututtuka iri ɗaya, don haka a tambayi hukumar da ke kula da shigo da tsirrai kafin a sa shi a jaka.

Yankan reshe ba shi da wuya. A zaɓi reshe mai lafiya wanda kaurinsa ya kai na fensir, a yanke tsawon santimita 15 zuwa 20, a yi yankan ƙasa a karkace dab da gaɓa, a tsige ganyen da ke ƙasa a bar biyu ko uku a sama, sannan a soke kashi biyu cikin uku na tsawonsa a leda ko tukunya mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki. A ajiye a inuwa mai haske, a riƙa yayyafa ruwa don kada ƙasar ta bushe ƙayau. Bayan wata ɗaya zuwa mako shida, idan aka ɗan ja reshen a hankali aka ji yana turjewa, to saiwa ta kama. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi ga mai maƙwabcin da ke da goji: duk reshen da ya sunkuyo ya taɓa ƙasa yakan yi saiwa a wurin, kuma uwar takan fitar da 'ya'yan tsiro daga saiwarta nesa da gindi, waɗanda za a iya haƙowa da ƙasarsu a dasa. Dashen da aka samu ta waɗannan hanyoyi yakan fara nuna 'ya'ya a shekara ta biyu, wani lokaci ma a ta farko.

Sai zaɓen wuri. Goji tana son rana ta awa shida zuwa takwas a yini, kuma idan aka sa ta a inuwa za ta yi ganye shar ba tare da fure ba. Amma a garin da zafin bazara kan haura digiri 40, gara a dasa ta gabas da katanga ko gabas da wata bishiya, ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar. Ƙasar jigawa ta fi dacewa da ita fiye da ta fadama nesa ba kusa ba. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi: a haƙa rami mai zurfin kamu biyu, a cika shi da ruwa da yamma, a dawo da safe. Idan an tarar da sauran ruwa kwance, wurin bai yi ba, sai dai a tayar da kunya ko tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40 a dasa a kansa. A ma'aunin pH, tana son daga 6.8 zuwa 8, wato ƙasar da ba ta da tsami. Inda ƙasa take da tsami, ana gauraya mata tokar itace cikin tafin hannu biyu ko uku a kowane rami, ko garin farar ƙasa na noma. Kada a dasa ta a gurbin da tumatir ko barkono suka yi ciwon yaushi ba da jimawa ba, domin abin da ya kama su yana nan cikin ƙasa yana jira.

Ramin dashe ya kai faɗin santimita 40 da zurfi kamar haka. A gauraya ƙasar da aka fitar da kwano ɗaya ko biyu na takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A zare dashen daga ledarsa ba tare da an fasa ƙasar da ke jikinsa ba, a zaunar da shi daidai zurfin da yake a da, a mayar da ƙasa, a danna da tafin hannu, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Tun a ranar ake kafa masa turke mai ƙarfi wanda ya kai mita ɗaya da rabi a saman ƙasa, saboda kafa shi daga baya yana tsinka saiwa. Tsakanin itaciya da itaciya a bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsakanin layi da layi kuma mita biyu. Guda ɗaya tana iya haihuwa ita kaɗai, amma idan aka dasa iri biyu kusa da juna zuma ta yi zirga-zirga a tsakaninsu, 'ya'yan sukan fi yawa. A ƙasashen sanyi ana dashe ne a Afrilu ko Mayu bayan ƙanƙara ta wuce. A ƙasar Hausa kuwa hankali ya fi kwanciya da ƙarshen damina, wajajen Oktoba, yadda dashen zai sami watannin hunturu ya kafa saiwa kafin bazara ta zo.

Wanda gidansa siminti ne ko'ina, jarka mai lita 25 da aka yanke kanta aka huda gindinta wuri biyar ko shida ta isa goji ɗaya na 'yan shekaru. Zurfi ya fi faɗi muhimmanci, domin saiwarta ƙasa take nufa. Tukunya tana da wata fa'ida kuma, ita ce ana iya janye ta ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya yi kwana uku yana zuba.

Ban ruwa shi ne inda tausayi yake yin ɓarna. A watannin farko dashen yana bukatar ruwa sau biyu ko uku a mako gwargwadon zafin gari, amma da zarar ya kafu, ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya fi ɗan yayyafi kullum, saboda shi ne yake jan saiwa ta nutsa. Kafin a ɗauko bokiti, a tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan aka ji danshi, a mayar da bokitin. Abin da ke ruɗar mutane shi ne cewa itaciyar da ruwa ya yi wa yawa takan yi yaushi tamkar mai jin ƙishirwa, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya ya zube, sai mai ita ya ƙara mata ruwa ya ƙarasa ta. Idan aka tone gefen gindin irin wannan, za a ga saiwar ta yi baƙi ta yi laushi tana wari, maimakon fara mai tauri. Lokacin da take ɗauke da fure da 'ya'ya ne kaɗai ya kamata a kiyaye kada ƙasa ta bushe ƙurmus sannan a malala mata ruwa, domin hakan yana sa 'ya'yan su tsage ko gindinsu ya ruɓe kamar yadda ake gani a tumatir. A zuba ruwan a ƙasa, kada a watsa a ganye, sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa kewaye da gindi, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu da karan.

Taki kuwa kaɗan ya isa. Kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki a farkon toho kowace shekara ya wadatar, kuma idan ƙasar ta gaji ƙwarai ana iya ƙara cikin cokali biyu na NPK a binne nesa da gindi. A bar yuriya a buhunta: tana sa goji ta yi rassa dogaye masu laushi da ƙwari ke so, fure kuma ya yi ƙaranci.

Aski ne ya raba mai goji da mai kurmin ƙaya. Itaciyar nan ba ta san miƙewa tsaye ba. Rassanta sirara ne, suna tashi su lanƙwaso su kwanta a ƙasa, kuma idan aka ƙyale ta shekara biyu za ta zama sarƙaƙiyar da hannu ba ya shiga. Abin da ya wajaba a riƙe shi ne cewa furenta yana fitowa ne a jikin sabon reshen da ya toho a wannan shekara, don haka duk yankan da ya sa ta fitar da sababbin rassa ƙarin 'ya'ya ne. A shekara ta farko ba a cika taɓa ta ba, sai dai a zaɓi kara ɗaya mafi ƙarfi a ɗaure shi a jikin turke da tsumma, ɗauri sako-sako wanda ba zai shaƙe shi ba idan ya yi kauri. A farkon shekara ta biyu a yanke sauran karan daga tushe, a tsige duk tohon da ke ƙasa da santimita 40, sannan a datse kan karan da aka bari a tsayin kimanin santimita 60. Datsewar za ta sa ya fitar da rassa ta gefe. A zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fuskanci ɓangarori daban-daban a bari, a cire sauran. Daga cikin tohon da ya miƙe sama ana ɗaukar ɗaya a ci gaba da ɗaure shi a turke, a sake datse shi bayan ya ƙara rabin mita, a sami hawa na biyu. Manoman Ningxia haka suke gina itaciyarsu hawa-hawa har ta yi kama da laima, kuma ba sa barin ta ta wuce inda hannun mai tsinka zai kai. A lambun gida, mita ɗaya da santimita 80 ya isa iyaka.

Bayan an sami wannan siffa, aski biyu ake yi a shekara. Babban shi ne na lokacin da ta zubar da ganye, inda ake cire busassun rassa, da masu gogar juna, da masu jan ƙasa, da waɗanda suka cunkushe tsakiya suka hana iska shiga, sannan a rage tsawon waɗanda suka haihu bara. Ƙaramin kuma ana yin sa ne da farce lokacin toho: idan sabon reshe ya kai tsawon kamu ɗaya ko fiye kaɗan, a tsinke kansa, zai rabu biyu ko uku, kowanne da furensa. Akwai wasu rassa masu kauri da kan harbo sama tsaye daga gindi ko daga tsakiya da gudu kamar ana jan su, ganyensu manya, ba su da fure. Waɗannan ci kawai suke yi, a cire su tun suna ƙanana. Haka nan tsiron da ke ɓullowa daga saiwa, wani lokaci mita biyu daga uwar, har ta ƙarƙashin katanga zuwa gidan maƙwabci. A sare shi da fartanya duk sanda aka gani, idan ba ana son dashe ba. Safar hannu tana da amfani a wannan aiki, domin tsofaffin rassa suna da ƙaya.

Ƙwarin da suka fi damunta su ne darɓa, wadda ke taruwa a kan sabon toho ta sa ganye ya nannaɗe yana danƙo, da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda ke sa ganye ya yi ƙuraje masu kumburi. Darɓa tana jin ruwan sabulu ko ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro a ciki, a fesa da yamma bayan zuma ta koma gida. Ganyen da ya yi ƙuraje kuwa a tsinke a ƙone. Idan aka ga ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, alama ce ta cunkoso da rashin iska, kuma maganinsa na farko almakashi ne. Awaki suna cin ganyenta duk da ƙayar, saboda haka sai da shinge. Tsuntsaye kuma sun fi mai lambu sanin ranar da 'ya'ya suka nuna, kuma tsohon gidan sauro da aka lulluɓa bayan fure ya ƙulla yana maganinsu.

Daga buɗewar fure zuwa nunar ɗa ana ɗaukar wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma da yake itaciyar ba ta fure gaba ɗaya, za a ga fure da ɗanye da nunanne a reshe guda. A Ningxia ana tsinka tun daga Yuni har Oktoba, zagaye bayan zagaye. Kada a yi gaggawa. Ɗan yakan yi ja kwanaki kafin zaƙinsa ya shigo, kuma wanda aka tsinka da wuri ɗaci gare shi. Kore kuwa ba a cin sa sam. Nunanne shi ne wanda ya yi ja sosai, ya ɗan yi laushi, ya saki mariƙinsa da an taɓa. Fatarsa ba ta da ƙwari ko kaɗan, inda duk yatsa ya matsa sai ya yi baƙi, don haka ko dai a tsinka a hankali da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, ko a shimfiɗa zane a ƙasa a girgiza reshen. Shekarar farko ba a samun fiye da cikin tafin hannu. Sai a shekara ta huɗu ko ta biyar itaciyar take kaiwa ƙarfinta, inda mai lafiya kan ba da kilo ɗaya zuwa uku na ɗanye.

Ɗanyen goji ba ya kwana da yawa, don haka shanya ita ce hanyar ajiyarsa. A baza a kan faifai ko raga shimfiɗa ɗaya, a wuri mai iska, kuma kada a juya da hannu a kwanakin farko, saboda juyawar tana baƙanta shi. Fatar tana da wani maiƙo kamar kakin zuma da ke jinkirta bushewa, shi ya sa manoman Sin suke tsoma 'ya'yan a ruwan soda na ɗan lokaci kafin su shanya; a gida ana iya haƙura da wannan a ƙara kwanaki. Idan aka damƙa aka saki suka warwatse ba su manne da juna ba, sun bushe, sai a zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda ba rana. Kilo huɗu ko biyar na ɗanye ne suke ba da kilo ɗaya na busasshe. Sinawa suna jefa shi a miyar kaza da faten shinkafa, Musulmin Ningxia kuma suna haɗa shi a shayinsu da riɗi da zabibi da wani jan ɗan itace dangin magarya. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin ya nemi shawarar likita kafin ya ci, domin an san goji tana ƙara wa wannan magani ƙarfi har ya jawo zubar jini.

Bayan tsinka na ƙarshe a rage ruwa sosai, a daina taki, a bar ta ta huta. Za ta zubar da ganye ta tsaya tsirara kamar busasshen kara, kuma a wannan hali ne wasu suke tumɓuke ta suna zaton ta mutu. Kafin a ɗauko gatari, a kankare ɓawon reshe kaɗan da farce: idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, tana nan da ranta, kuma lokacin babban aski ke nan.